Mi ke cin sarƙar keke?

Yara, kowa a cikinku ya san keke. Wani da shi yake zuwa makaranta, wani babansa ke hawa zuwa gona ko kasuwa, wani kuwa haya yake yi ranar da babu karatu. A da, kekunan da aka fi gani cikin garuruwanmu baƙaƙe ne masu nauyi, irin su Raleigh da Phoenix. Yanzu kuwa, in kun shiga kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, za ku tarar da wani irin keke mai kaurin taya, da faya-fayai masu haƙora jere a ƙafar baya. Shi ne keken hawan tudu. Da Faransanci ana ce masa VTT.

Masu wannan keke suna da kuka guda: sarƙarsa ba ta daɗewa. In ta lalace kuma ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta tafi da haƙoran faya-fayan.

Mu ɗauki misalin wani ɗan makaranta. Tsakanin ƙauyensu da makaranta kilomita 5 ne. Babansa ya sayar da wake ya saya masa keken hawan tudu. Bai yi shekara yana hawa ba, sai ran nan yana hawan wani ɗan tudu, ya miƙe tsaye ya taka feda da ƙarfi. Sai sarƙa ta yi tsalle, ƙafarsa ta zame, ya faɗi ya ƙuje gwiwa. Ranar kasuwa ya tura keken wurin mai gyara.

— Sannu da aiki, Baba. Ka duba mini sarƙa, tsalle take yi.

Mai gyara ya shafi sarƙar da yatsa, ya murza baƙin abin da ya manne masa, ya ji yana ƙaras-ƙaras.

— Yaro, wa ke sa mata mai?

— Ni ne, Baba. Kullum sai na zuba mata baƙin mai, har ya riƙa ɗiga ƙasa.

— To, ɗana, da hannunka ka kashe ta, kana tsammanin gata kake yi mata. Yanzu sai an sake sarƙa, an sake haƙoran baya duka.

Yaron ya yi mamaki ƙwarai. Ashe mai yana kashe sarƙa? Domin mu gane maganar mai gyara, sai mu bi abin daki-daki.

Daga ina wannan keke ya fito?

Sarƙar da muke gani yau, wani injiniya ne mai suna Hans Renold ya ƙago irinta a birnin Mancesta na ƙasar Ingila, cikin shekara ta 1880. A 1885 kuma wani Bature ɗan Ingila, John Kemp Starley, ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan kai ɗaya, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya. Shi ne kakan kekunanmu na yau.

Keken hawan tudu kuwa ƙarami ne a dangin. Wasu samari ne na jihar Kaliforniya, a ƙasar Amurka, suka fara shi tsakanin 1970 da 1980, domin su riƙa gangarowa daga kan duwatsu. A 1981 aka fara ƙera shi da yawa domin sayarwa. A 1996 aka shigar da tserensa cikin wasannin Olimpik a birnin Atlanta.

Tsohon baƙin keke faifai ɗaya gare shi a gaba, ɗaya a baya. Sarƙarsa mai kauri ce, a miƙe take tafiya, sau da yawa kuma tana cikin gidanta na kwano, ƙura ba ta isa gare ta sosai. Keken hawan tudu ba haka yake ba. Yana da faya-fayai 7, ko 8, ko 9, har zuwa 12 a baya, an jera su daga ƙarami zuwa babba. Kowane ɗaya masu gyara suna ce masa pinyo. Dukansu a haɗe kuwa sunansu kaset, ko da yake ba su da dangantaka da kaset na waƙa. Domin sarƙa ta iya shiga tsakaninsu, sai aka yi ta siririya. Domin ta iya ƙaura daga wannan faifai zuwa wancan, sai aka bar ta a fili, ba gida. Amfanin wannan shi ne, mai keke ya hau tudu ko ya ratsa rairayi ba tare da ya sauka ba. Aibinsa kuwa, duk ƙurar da tayar gaba ta tayar, kan sarƙa take sauka.

Yadda aka ƙera sarƙa

Ku sami guntun tsohuwar sarƙa wurin mai gyaran keke, ku wanke, ku duba da kyau. Za ku ga abubuwa iri huɗu:

Fallayen waje: ƴan ƙarafa ne masu faɗi, masu kamar lamba 8.

Fallayen ciki: kamar na waje suke, amma kowane rami nasu yana da ɗan leɓe ta ciki.

Ƙusa: ita ke ratsa fallayen ta haɗa su. A cikin fallayen waje a kafe take, ba ta motsi. Fallayen ciki ne ke juyawa a kanta.

Zobe: yana zaune bisa leɓen fallayen ciki, yana juyawa. Shi ne ke faɗawa tsakanin haƙoran faifai.

Daga tsakiyar wata ƙusa zuwa tsakiyar mai bi mata, shi muke kira gaɓa ɗaya. Tsawon gaɓa milimita 12,7 ne. Haka yake ga sarƙar baƙin keke, haka yake ga ta keken hawan tudu. An yanka haƙoran faya-fayai daidai da wannan awo. Ku riƙe wannan lamba, gama za mu komo kanta. Sabuwar sarƙa ta kan zo da gaɓoɓi wajen 114 ko 116.

Abin lura a nan shi ne: wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe a ɓoye yake, tsakanin ƙusa da fallayen ciki, da kuma ƙarƙashin zobe. Can ne ake bukatar mai. Man da ke bisa bayan fallaye ba shi da aikin yi.

Sau nawa gaɓa ke lanƙwasa?

Mu yi lissafi da keken yaron nan. In ƙafar keke ta juya sau ɗaya, keken ya yi tafiyar wajen mita 2. Cikin kilomita ɗaya ke nan ƙafar za ta juya sau 500. A ce sarƙa tana bisa faifai mai haƙora 16. Kowane juyi gaɓoɓi 16 ne ke wucewa. 500 sau 16 ya ba mu 8000. In muka raba 8000 da gaɓoɓi 114, za mu ga sarƙa ta yi zagaye wajen 70 cikin kilomita ɗaya.

A kowane zagaye, gaɓa tana bi ta wurare huɗu: faifan gaba, faifan baya, da ƴan faya-fayai biyu na roba da ke rataye ƙarƙashin kaset, jikin abin da ke sauya wa sarƙa wuri, wanda masu gyara ke kira deraye. A kowane wuri gaɓa ta kan lanƙwasa wajen shiga, ta miƙe wajen fita. Motsi 8 ke nan. 70 sau 8 ya ba mu 560. Yaron da ke yin kilomita 10 zuwa da komowa, kowace gaɓa ta sarƙarsa tana motsi sau 5600 a yini guda, ba a ko lissafa zuwa aike ba.

In akwai mai mai tsabta a cikin gaɓar, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe sosai, sai ya riƙa sulɓi. In babu mai, ƙarfe ya ci ƙarfe. In kuwa akwai rairayi cikin man, to, an gamu da babbar ɓarna.

Rairayi da mai

Kun sha ganin iyayenmu mata suna goge gindin tukunyar ƙarfe da rairayi da ɗan ruwa, har ta yi fari fat. Mi ya sa take yin fari? Domin rairayin yana kankare baƙin, yana kuma ɗan kankare ƙarfen kansa. Kun kuma ga itacen bakin rijiya, yadda igiyar guga ta yi masa zurfafan tsage. Igiya ba ta kai itace tauri ba. Amma jiƙaƙƙiya ce, ana janta ƙasa tana kwasar rairayi, kuma kullum wuri ɗaya take bi.

Yawancin ƙwayoyin rairayi gutsattsarin wani dutse ne mai tauri ƙwarai, wanda masana ke kira kwarz. Wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Jamus, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu bisa ga taurinsu a shekara ta 1812, daga lamba 1 zuwa 10. Lu'ulu'u ne na 10. Kwarz yana lamba 7. Ƙarfen wuƙa bai kai nan ba, tsakanin 5 da 6 yake. Abin da ya fi tauri kuwa shi ke kartar ɗan'uwansa.

Ƙasarmu ƙasar rairayi ce. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas da ƙura mai laushi kamar gari. In sarƙa ta jiƙe sharkaf da mai, duk ƙwayar da ta faɗa kanta sai ta manne. Mai da rairayi su cuɗu su zama baƙin kwaɓi. Da gaɓa ta motsa, sai kwaɓin ya sulale ciki, ya shiga tsakanin ƙusa da falle. Daga nan sarƙa ta zama kamar dutsen niƙa, amma abin da take niƙawa jikinta ne. Baƙin nan da kuke gani bisa sarƙa, har da garin ƙarfenta a ciki.

Wanda ya ga sarƙarsa ta yi datti, ya ƙara zuba mata mai ba tare da ya goge ba, ya ƙara ɓata lamarin. Sabon man zai kwashi rairayin da ke waje ya kai shi ciki. Abin da yaronmu ke yi ke nan kowace safiya.

Mu gwada mu gani

Ku sami marafan gwangwani guda 6, ku yi hankali da bakinsu kada ya yanke ku. Ku raba su biyu-biyu. Na farko ku goga su da juna a bushe sau 50. Na biyu ku ɗiga mai a tsakani, ku goga sau 50. Na uku ku ɗiga mai, ku barbaɗa rairayi kaɗan, ku goga sau 50. Ku share su duka da tsumma, ku duba a rana. Waɗanne suka fi karce? Waɗanne suka fita lafiya? Ku rubuta abin da kuka gani.

Sarƙa ba ta miƙewa, cinyewa take yi

Mutane su kan ce sarƙa ta miƙe, kamar danƙo ko igiya. Gaskiya ne tsohuwar sarƙa ta fi sabuwa tsawo. Amma ba ƙarfen ne ya miƙe ba. Ƙusa ce ta rame, ramin falle kuma ya yi faɗi. Sai kowace gaɓa ta sami ɗan sako-sako. In aka ja sarƙar, tazarar da ke tsakanin ƙusoshi ta wuce milimita 12,7.

Ƙarin ba shi da yawa, ido ba ya ganinsa. In kowace gaɓa ta ƙaru da kashi ɗaya cikin goma na milimita, watau kamar kaurin takardar littafinku, sarƙar ta isa canji. Ku tara wannan ɗan ƙari sau 114, za ku sami fiye da santimita ɗaya.

Wasu in sun ga sarƙa ta yi tsawo, sai su cire gaɓoɓi biyu su sake haɗawa. Wannan ba magani ba ne. Sarƙar ta gajarta, amma kowace gaɓar da ta rage tana nan da sako-sakonta.

Yadda tsohuwar sarƙa ke cin kaset

Mun ce an yanka haƙora daidai da gaɓa mai milimita 12,7. Sabuwar sarƙa tana kwantawa cikin haƙoran daram, zobba su zauna can ƙasa, haƙora da yawa su raba nauyin jan. Kamar mutum shida ne suka ɗauki gungume, kowa ya sa kafaɗa.

Sarƙar da gaɓoɓinta suka ƙaru ba ta zama daidai. Zobba su kan hau sama, kusa da tsinin haƙora, nauyin duka ya koma bisa haƙori ɗaya ko biyu. Sannu a hankali sai gefen kowane haƙori ya cinye, ramin da ke tsakani ya yi faɗi, haƙorin ya yi tsini ko ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ran da aka taka da ƙarfi, sai sarƙa ta haye bisa haƙoran ta zame. Tsallen da ya kā da yaronmu ke nan.

In abu ya kai haka, sabuwar sarƙa kaɗai ba ta isa. Haƙoran sun riga sun bi siffar tsohuwar, sabuwa ba za ta zauna cikinsu ba, tsallen ma sai ya ƙaru. Dole a sayi kaset, wani lokaci har da faifan gaba. Alhali da an sake sarƙa da wuri, kaset ɗaya ya kan ga bayan sarƙa biyu ko uku. Sarƙa ita ce mai araha a cikinsu. Gara a sake ta, a ceci masu tsada.

Halayen da ke gaggauta lalacewa

Ban da rairayi, akwai wasu halaye na mahaya da ke rage kwanan sarƙa.

Na ɗaya, zama kullum bisa ƙaramin faifai. Yara da yawa suna son ƙaramin faifan baya domin a ce suna da gudu. Shi kuwa sau da yawa haƙora 11 gare shi, biyar ko shida ne kawai sarƙa ke kamawa. Babba mai haƙora 32, wajen 16 ne ke kamawa. Bisa ƙaramin kuma gaɓa ta fi lanƙwasa, kusan ninki uku. Saboda haka shi ke fara mutuwa. A hanya mai sauƙi ku yi aiki da na tsakiya. A tudu ko cikin rairayi ku koma manya.

Na biyu, karkatar da sarƙa. In keken yana da faya-fayai biyu ko uku a gaba, kada ku haɗa babban gaba da babban baya, ko ƙaramin gaba da ƙaramin baya. Ku tsaya bayan keken ku duba: za ku ga sarƙar ta karkace. Sarƙar da ta karkace tana gugar haƙora ta gefe.

Na uku, sauya faifai ana cikin taka feda da ƙarfi. Ƙarar nan ƙaƙas-ƙaƙas da kuke ji, kukan ƙarfe ne. Ku sauya tun kafin ku kai gindin tudu. Sa'ad da kuke sauyawa, ku ci gaba da juya feda, amma ku sassauta ƙafa.

Na huɗu, kaya fiye da kima. Jarkunan ruwa biyu, ko buhun hatsi, ko goyon mutum biyu, duk sarƙa ce ke jansu. In ba makawa sai an ɗauka, a sa sarƙa bisa babban faifan baya, a tafi sannu.

Na biyar, tsatsa. Da damina, in keke ya ratsa ruwa ko taɓo aka jingine shi haka nan, kafin gari ya waye sarƙa ta fara ja. Haka kuma ruwa mai ƙarfi na wurin wankin mota yana korar mai daga cikin gaɓoɓi.

Na shida, sarƙar da ba ta keken ba. Tsawon gaɓa ɗaya ne, amma faɗin sarƙa ya bambanta. Ta baƙin keke ta yi wa kaset kauri. Ta faya-fayai 7 ko 8 ta yi wa mai 11 kauri. Kafin a sayi sarƙa, a ƙidaya faya-fayan baya a gaya wa mai sayarwa.

Wane mai ya dace?

Man kirki shi ne wanda ke da ruwa-ruwa har ya iya shiga cikin gaɓa, ya kuma zauna can.

Akwai man da aka yi musamman domin sarƙar keke, iri biyu. Ɗaya na rani: in an sa shi ya kan bushe, ya bar ɗan santsi wanda ƙura ba ta kama shi sosai. Ɗaya na damina: ya fi kauri, ruwa ba ya wanke shi da sauri, amma yana kama ƙura. A ƙasarmu, inda rani ya fi damina tsawo, na farko ya fi amfani.

In ba a sami waɗannan ba, man keken ɗinki yana yi, sai dai ba ya daɗewa, a riƙa sabuntawa. Sabon man inji, wanda ba a taɓa zuba shi cikin mota ko babur ba, shi ma yana yi, in an sa kaɗan an goge sosai.

Wasu mahaya suna narka kakin kyandir su tsoma wankakkiyar sarƙa a ciki. In ya daskare, sarƙar ba ta da danƙo, rairayi ba ya mannewa. Dabara ce mai kyau da rani. Amma narkakken kaki yana ƙuna, yana kuma kama wuta. Wannan aikin manya ne.

Ga kuma waɗanda za a guje wa. Baƙin mai da aka juye daga inji: ya riga ya cika da garin ƙarfe da baƙin hayaƙi, yana kuma cutar da fata. Giris: ya yi kauri, ba ya shiga ciki, sai ya zauna waje yana tara rairayi. Man gyaɗa da sauran man girki: in sun sha iska da zafi su kan yi danƙo kamar ƙaro. Kananzir kuwa na wanki ne, ba ya zama madadin mai.

Yadda ake sa wa sarƙa mai

1. Ku jingine keken a inuwa, wurin da ba rairayi. Ku sami tsumma biyu da tsohon buroshin haƙori.

2. Ku kama sarƙa da tsumma ta ƙasa, ku juya feda baya-baya a hankali, har baƙin ya ragu. Ku kula da yatsunku, kada su shiga tsakanin sarƙa da haƙora.

3. Ku kankare dattin da ya taru jikin ƴan faya-fayan roba. Ku zura bakin tsumma tsakanin faya-fayan kaset ku share.

4. In dattin ya yi yawa, a wanke sarƙa da buroshi da ɗan kananzir, nesa da wuta, tare da babba. Kada a yi da fetur. A bari ta bushe sarai.

5. Ku ɗiga mai ɗigo ɗaya bisa kowane zobe, ta gefen da ke taɓa haƙora. Ku sa alama inda kuka fara, domin kada ku maimaita.

6. Ku juya feda baya-baya kamar sau 20, sa'an nan ku bar keken ya ɗan jima, man ya shiga ciki. In da hali a yi da maraice, ya kwana.

7. Ku ɗauki tsumma mai tsabta ku goge bayan sarƙar sosai, har in kun taɓa, yatsa ba zai jiƙe ba. Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, shi ne kuwa ya fi muhimmanci.

8. Ku wanke hannu da sabulu. Kada ku zubar da ruwan wankin kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Yaushe za a sa mai? Sarƙa da kanta tana faɗi. In ta fara kuka ƙi-ƙi-ƙi kamar ɓera, ko zobbanta sun bushe suna ƙyalli, ko ruwa ya dake ta, lokaci ya yi. Shara da busasshen tsumma kuwa, ko kullum aka yi ba laifi.

Yadda ake auna sarƙa

Abin jan layinku na aji, mai santimita 30, ya isa wannan aiki. Wani ya riƙe keken, ya ɗan danna feda domin sarƙar sama ta miƙe. Ku sa sifiri daidai tsakiyar wata ƙusa. Ku ƙidaya gaɓoɓi 20. Ku duba inda tsakiyar ƙusar ƙarshe ta faɗa.

Ga sabuwar sarƙa, 20 sau 12,7 ya ba mu milimita 254 cif.

In awon ya wuce 255 kaɗan, keke mai faya-fayai 11 ko 12 yana bukatar sabuwar sarƙa.

In ya kai 256, keke mai faya-fayai 7, 8, 9 ko 10 yana bukatar sabuwa.

In ya kai 257, mai yiwuwa ne ƙwarai kaset ma ya tafi.

Ku ga fa, tsakanin lafiya da hasara milimita 2 ko 3 ne kawai. A riƙa awo sau ɗaya a wata. Akwai kuma gwaji na gaggawa: ku kama sarƙa a goshin babban faifan gaba, ku ja ta waje. In ta ɗago har kuna hangen haske tsakaninta da faifan, ta tsufa.

Yaronmu ya yi mako uku yana zuwa makaranta da ƙafa, yana fita tun da asuba, kafin babansa ya haɗa kuɗin sarƙa da kaset. Tun daga ranar ya ɗaure wani tsumma ƙarƙashin sirdin kekensa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Abin riƙewa

Mai a cikin gaɓa yake aiki, na waje rairayi yake tarawa. A goge, a ɗiga kaɗan, a sake gogewa. Tsohuwar sarƙa tana cin kaset. A auna ta kowane wata, a sake ta in gaɓoɓi 20 sun kai milimita 256.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke cikin sarƙa? A ina ƙarfe ke gugar ƙarfe?

2. Don mi sarƙar baƙin keke ta kan fi ta keken hawan tudu daɗewa? Ku kawo dalilai biyu.

3. Wace kama ce ke tsakanin igiyar guga da sarƙar da ta sha mai da rairayi?

4. Don mi cire gaɓoɓi ba ya gyara tsohuwar sarƙa?

5. Mi ya sa mai gyara ya ce da yaron shi ya kashe sarƙarsa?

Lissafi

1. Sabuwar sarƙa tana da gaɓoɓi 116. Nawa ne tsawonta da milimita? Ku mai da shi mita.

2. Wata yarinya tana yin kilomita 6 kowace rana. In kowace gaɓa tana motsi sau 560 cikin kilomita ɗaya, sau nawa za ta motsa cikin kwana 5?

Aiki

Ku rabu ƙungiya-ƙungiya, ku auna sarƙoƙin kekunan da ke farfajiyar makaranta, bayan kun nemi izinin masu su. Ku rubuta awon kowane keke da yawan faya-fayansa na baya. Wanda kuka ga sarƙarsa ta isa canji, ku gaya wa mai shi cikin ladabi, ku kuma nuna masa yadda kuka auna.